Baba Ɗantani da Fangalin Bakin Hanya

Ranar da na fita takaba, da hantsi, na tarar da hauyar mai gidana a jingine bakin zaure da sabuwar ƙota. Tun kafin ya kwanta ciwo tsohuwar ƙotar ta tsage, ya ɗaure ta da tsumma yana cewa zai gyara, Allah bai ba shi iko ba. Ban san wanda ya ɗauke ta ba, ban kuma san ranar da aka ɗauka ba. Sai da na riƙa ta na ji an rage mata tsawo kamar taƙi guda, an kankare ta daidai tafin mace. Nan na san aikin Baba Ɗantani ne. Duk garinmu babu wanda zai tuna cewa hannun da zai riƙe hauyar nan ya canza, sai shi.

Na je gidansa yin godiya, na tarar da matarsa Inna Rahamatu tana tankaɗe. Ta ce, "Ni bai hwaɗa man komi ba. Na dai ga yana ta sassaƙa bayan rumbu, na ce ko muciya za shi yi man, ashe ba rabona ba na." Shi kuwa da ya fito na durƙusa, bai bari na ƙarasa godiyar ba. Ya ce in ruwa ya ɗauke zai kawo mini irin albasa in gwada a bayan gida, ko na sami abin miya.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Shagari, ba nisa da Mandera. Da damina gero da dawa, in an gama kaka kowa ya koma ga albasa. Abin da na sani na tarihin Baba Ɗantani, wani daga bakin marigayi mai gidana na ji, domin abokinsa ne duk da ya girme shi nesa, wani kuma na gani da idona. An haife shi a gidan nan da ya rasu a ciki. Yana ɗan shekara tara ko goma kurkunu ya kama shi a ƙafar hagu, ya warke amma ƙafar ba ta ƙara miƙewa sosai ba. Don haka lokacin da tsararrakinsa suke tafiya cin rani Kudu, shi yana nan gindin mahaifinsa a lambu. Karatunsa na allo bai wuce izu goma ba, da bakinsa yake faɗa. Amma in maganar ƙasa ce, har malamai sukan yi shiru su saurara. Ba ya shiga lambu da takalmi, kuma yana barin farcen babban yatsansa na dama ya yi tsawo, da shi yake tonon ƙasa ya duba. Ya haifi 'ya'ya maza uku, biyu suna Sakkwato, ɗaya yana tuƙa babbar mota, babu wanda ya tsaya ga lambu.

Mahaifinsa ya bar masa irin wata jar albasa, ba ta cika girma ba amma tauri gare ta, takan zauna a rudu, rumfar da muke ajiye albasa, har damina ta tsaya ba ta ruɓe ba. Ba ya sayar da irin. Kowa ya zo sai ya auna masa da ɗan ƙoƙo, in an cire albasa kuma mutum ya kawo masa kwando guda. Cikin kwandunan nan yake zaɓen waɗanda yake kira uwaye, ya adana su, lokacin sanyi ya mai da su ƙasa su yi fure, ya yanke kawunan ya shanya, ya murje, ya sheƙe. Da ƙafarsa da shekarunsa ba ya iya noman albasa mai yawa da kansa, saboda haka kwandunan mutane su ne ran irin. Irin albasa kuma ba ya jimre ajiya. In ya shekara rabi ya mutu, in ya shekara biyu garin gawayi ne kawai a kwalba. Ana yin sakaci kaɗan sai a wayi gari babu shi.

Shekarar da nake faɗa, ni aka fara ba iri. Gonar gero ƙanin mai gidana ya karɓa yana nomawa, don haka lokacin da kowa ke fama da yanka da ɗaurin dami, ni hannuna a sake yake. Bayan gidana akwai ɗan fili da rijiya, danga ce kawai ta raba shi da hanyar da maza ke bi zuwa masallaci. Nan na tayar da fangali guda, inda ake renon iri kafin a dasa. Baba ya zo tare da Inna Rahamatu, ita ta shigo, shi ya tsaya bayan danga ya dogara da sandarsa.

"Innar Bahijja, ɗebo ƙasa ki dunƙule." Bahijja ita ce autata, da sunanta yake kirana. Na dunƙule. "Buɗe hannu. Taɓa ta da yatsa." Na taɓa, ba ta watse ba. "Kin gani? Laka gare ta. Ƙasag ga in ta sha ruwa da yawa rana ta buge ta, sai ta yi ɓawo awa ƙanzon tuwo. Ɗebo rairai ki haɗa, da tsohon taki wanda ya huce. Kak ki sa ɗanye, ƙone iri shikai."

Ya sa na gauraya irin da rairayi don kada ya taru wuri ɗaya, na ja layi da tsinke, zurfin bai kai rabin gaɓar yatsa ba. Ya ce in ya yi zurfi ƙarfinsa zai ƙare a hanya, in ya tsaya sama tururuwa su kwashe. Muka rufe da busasshen haki, shimfiɗa marar kauri, don ya kare rana. Sai ya miƙo mini sabuwar tsintsiya ta saman danga. Da ita ake ban ruwa, a tsoma a ƙwarya a yarfa bisa hakin, safe da yamma, har iri ya fito.

Inna Rahamatu ta ce, "Shekara hamsin ina jin karatun ga, ko barci nikai ina iya maida shi."

"Amma ran da ni bar maki hwangali kwana guda, kin tuna abin da ni iske."

"Kai dai ba ka mantuwa, shi ya sa ba ka ƙiba."

Ya ƙyale ta ya juyo gare ni. "Albasa ba da kai taka hitowa ba. Da gwiwa taka hitowa, a duƙe awa mai ruku'u, sannan ta miƙe. Abu na awa zare. In ta iske ƙohwa rufe ba ta da ƙarhin turawa, nan ƙasa za ta mutu ba wanda ya sani."

Muna cikin haka Badaru ya biyo hanya. Badaru jikan yayan Baba ne, mai kai albasa kasuwa Sakkwato, akwai wasan jika da kaka tsakaninsu. A shekarar ya zo da wani iri a gwangwani mai hoton albasa kamar kan jariri, yana nuna wa mutane.

"Tsoho, har yau kana nan da tsintsiya? Duniya ta kai ga inji, kai kana sharar ruwa."

"Injin naka ya san inda ƙwaya take kwance?"

"Ko kai yanzu ba ka ganinta. Jiya ka gai da jakin Liman, ka ce mai, Malam ina gajiya."

"Ya amsa man da ladabi, abin da kai ba ka taɓa yi ba."

Aka yi dariya. Amma a ƙarƙashin wasan akwai magana, domin idon Baba ya fara yana, mutane kuma sun rabu biyu, wasu na son gwada na gwangwani. Tunda fangalina ya riga na kowa, kuma yana bakin hanya, sai ya zama shi kowa yake leƙe kafin ya yanke shawara. Na san haka sarai. Sau biyar a rana maza ke wucewa ta wurin.

Kwana huɗu ina yarfa ruwa yadda aka ce. Rana ta biyar, wajen azahar, mijin Bahijja ya bugo waya daga Bodinga. Cikin fari gare ta, mun shirya za ta zo gida ta haihu, sai naƙuda ta zo mata da sauran wata guda. Ya ce ya riga ya turo mai kabu-kabu.

Na ɗaure kayana na fito, sai na ga fangali. Da safen nan na ji Baba na kwance da zazzaɓi. Ina iya leƙawa in gaya wa Inna Rahamatu, gidansu bai fi taku ɗari ba. Ina iya gaya wa kowace maƙwabciya. Ban yi ba. Kunya na ji: an gyara mini hauya, an ba ni iri, an tsaya mini a rana, yanzu kuma in ce a zo a yi mini ban ruwa. In kuma zan faɗi gaskiya akwai wani abu bayan kunya. Ina so a ce matar nan ta riƙe kanta, ba ta zama kaya a kan kowa ba.

Sai na ce bari in ba shi ruwan kwana uku gaba ɗaya. Na yaye hakin na tara gefe don ruwa ya shiga da kyau. Na ja guga na cika bokiti na kwarara, na sake, har tara. Ruwa ya kwanta bisa fangali kamar ɗan tafki. Inda ya yi rami na shafe da tafin hannu kamar mai yaɓe. Mai babur yana ta danna oda a ƙofar gida. Na tafi ban mai da hakin ba. Sai da muka hau kwalta na tuna, na ce a raina ai kwana biyu ne.

Kwana tara na yi. Bahijja ta sha wuya, sai da aka ƙara mata jini. Allah ya tashe ta, aka raɗa wa jaririya suna Kausar, washegari na kamo hanya.

Ban shiga ɗaki ba sai da na zagaya baya. Awakina sun cinye hakin. Fangali ya bushe ya yi fari, ya tsattsage, in aka ƙwanƙwasa da yatsa har ƙara yake. Cikin tsagar ɓawon 'yan tsiro suka sami hanya, na ƙirga su, goma sha ɗaya. Na sa tsinke na ɗaga ɓawo guda mai faɗin tafi. Ga su nan ƙarƙashi, layi bayan layi, farare sirara, kowanne a duƙe, sun taso sun iske rufe sun bushe a haka. Babu ƙwayar da ba ta yi nata ba. Irin nan lafiyarsa lau.

Na mai da ɓawon inda yake. Na ɗauko tsintsiya da ƙwarya na fara yarfa ruwa kamar wadda ba ta taɓa fasawa ba. A haka Badaru ya same ni.

"Inna, barka da arziki, mun ji an samu ƙaruwa. Allah shi raya." Ya leƙo ta danga. "To ina albasar? Kullum muka dubawa ba mu ga kore ba. Yau kwana nawa?"

"Sha huɗu."

"Sha huɗu! Ni dai na san ba ki tahi ba sai da kinka bar ma wani ban ruwa, ke ba ki da sakaci."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce, "Allah bai yi ba." Ya kaɗa kai ya wuce. Masu bin hanya kore suke nema da ido, babu wanda ya kula da yadda ƙasar ta kasance kwanakin da ba na nan, yanzu kuma ga ta a jiƙe.

Washegari bayan la'asar Baba ya zo, zazzaɓin ya sake shi amma ya rame. Lokacin maza na dawowa daga masallaci, sai suka tsaya, sun kai goma, har da Liman. Ran nan ne karo na farko da ya yi sallama ya shigo cikin dangar. Ya cire takalmi, ya ajiye sanda, ya sauka bisa gwiwa ɗaya da ƙyar. Ya sa farcen nan nasa ya ɓanɓaro ƙasa, ya kawo ta dab da idonsa, ya murza. Ya sake tonawa can gaba. Ina tsaye da tsintsiya a hannu ina kallon fuskarsa. Na ga lokacin da ya gani. Bai ɗago ya dube ni ba, ya mai da ƙasar ya danne da tafi.

Badaru ya ce, "To tsoho, mi ƙasa tac ce?"

Baba ya kakkaɓe hannunsa. Sannan ya ce, "Ido ya tsuhwa, Badaru. Kwalaben kau duk kama ɗai gare su, da na bana da na bara."

"Ashe na bara ka ba ta! Jama'a kun ji. Da mun shuka duk da mun kwana ciki."

Liman ya ce a yi haƙuri, tsufa na kan kowa. Wani ya taimaka wa Baba ya tashi. Harshena yana cikin bakina, ba ciwo yake ba, kalma biyar ko shida sun isa. Na tuna na ce a raina bari mutane su watse tukuna. Suka watse. Na ce bari sai gobe.

Goben nan shekara biyu ta yi. A shekarar Liman kaɗai ya karɓi iri wurin Baba, don girmamawa, ya shuka a lambunsa can cikin fadama inda ba mai gani. Ya ce irin ya fito, aka ce ai Liman ba ya kushe mutum. Kowa ya koma ga gwangwani, albasar ta yi girma, aka sayar, wasu suka ce ba ta daɗewa a rudu, wasu suka ce ba ruwansu tunda tana fita da wuri. Da aka cire albasa kwando ɗaya ya shiga gidan Baba. Shekara ta biyu ko Liman bai zo ba, irin da Baba ya shirya ya mutu a kwalabe. Badaru ya laƙaba masa suna Baba Na-bara, da wasa ya fara, sunan ya bi gari. Tabarmar da yake shimfiɗawa ƙofar gida lokacin rabon iri, na ga ya shimfiɗa ta kwana uku, ran na huɗu ba ta fito ba.

Na daina bi ta ƙofarsu, sai in zagaya ta bayan gari ko da rana ta take. In mun haɗu yakan ce, "Innar Bahijja, ƙaƙa jika?" in amsa kaina a ƙasa. Na yi azumin Litinin da Alhamis, na yi istigfari ba adadi, amma ko ɗan karatun da na yi ya isa in san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da azumi. In na yi tuwo mai kyau sai in kai wa Inna Rahamatu in ce na tsoho ne. Kwanon ba ya dawowa wofi, sai da kuka ko daddawa a ciki, abin ya ƙara mini nauyi. Ko albasa in ina yankawa a miya ba na son kallonta.

Ƙarshen damina ta uku aka ce Baba ya kwanta, ƙafafunsa sun kumbura. Na yi sallar walaha na tafi kafin zuciyata ta sake cewa gobe. Na same shi a rumfa an jingina shi da matashi, Inna Rahamatu na gefe tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe su, na durƙusa, na faɗi komai tun daga wayar Bodinga har ɓawon da na mayar. Ina faɗa ina kuka, ban san ko maganar na fita daidai ba.

Da na yi shiru ya ce, "Bokiti nawa?"

Na ce, "Tara, Baba."

"Rahamatu, kin jiya? Tara. Ni bakwai nic ce."

"Ni goma nic ce, ni na fi ka kusa," in ji ta, ba ta ko daina ɓara ba.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ashe duk tuwon da nake kawowa sun san na mene ne. Na ce, "Baba, kun sani, don mi kunka yi shiru?"

"Macce ta hito takaba jiya-jiya, ɗiyarta ta tsallake rijiya, sannan in tsaya gaban maza in ce ga ɓarnar da ta yi? Da wane ido zan dubi mijinki gobe kiyama?" Ya numfasa. "Na dai zaci za ki zo da wuri. Wata guda, ko biyu."

Wannan maganar ita ce ba ta sake ni ba har yau. Bai faɗe ta da faɗa ba.

Na ce zan je wurin Liman yanzu in faɗa, a sanar a masallaci. Ya ce a'a, yanzu kowa cewa zai yi tausayin tsoho na ji don yana kwance. Ya sa Inna Rahamatu ta ɗauko wata kwalbar maganin tari a rataye cikin tsumma, irin bai kai rabinta ba. Abin da uwayen kwandon Liman suka bayar ke nan, babu wani bayansa. Ya ce in shuka shi a fangalin nan dai na bakin hanya, in riga kowa, in ya fito sannan in yi magana. Na karɓa da hannu biyu. Na roƙi gafara, ya ce tun ran nan ya yafe, amma in ina son ji da kunne to ya yafe.

Kwana goma sha biyu bayan haka ya rasu, ana gab da fara yankan gero. Allah shi jiƙansa, shi sa ya huta.

Bayan sadakar bakwai na tayar da fangali. Rairayi, tsohon taki, layi da tsinke, haki marar kauri. Na toshe inda awaki ke bi. Rana ta shida aka yi rasuwa Kajiji a dangin mahaifiyata, dole in je in kwana. Na tafi ɗakin Inna Rahamatu, tana cikin takaba, na ce mata ga abin da ya taso. Ta aika aka kira mata maƙwabciyarta Nana Aisha, ta zaunar da ita ta maida mata karatun nan na shekara hamsin kaf, har da ƙanzon tuwo. Roƙon bai ɗauke ni minti biyu ba.

Rana ta tara da yamma na ɗaga gefen hakin. Sun fito, layi bayan layi, kowanne a duƙe. Na yaye sauran a hankali, na zauna a ƙasa na daɗe.

Bayan kwana uku fangali ya yi kore shar. Na jira aka fito la'asar, na ja mayafi na tsaya jikin danga, na ce, "Allah shi gafarta Malam, ina da magana." Liman ya tsaya, sauran suka tsaya. Tunda nake ban taɓa magana gaban maza haka ba. Na ce wannan irin Baba Ɗantani ne, wancan na shekarun baya ma irinsa ne sabo, ni na kwarara masa bokiti tara na bar shi a buɗe na tafi, ya fito ƙarƙashin ɓawo ya mutu, na gani da idona na rufe, shi ma ya gani ya rufa mini. Liman ya ce Allah shi gafarta muna baki ɗaya. Badaru ya tsuguna bayan danga yana kallon tsiron ta tsakanin kara, har mutane suka watse yana nan.

Yau shekara uku ke nan. Gida shida ke shuka irin, kwanduna wurina suke zuwa, Inna Rahamatu ke zaɓen uwaye da hannunta tunda ni har yanzu ina kuskure. Sunan Na-bara ya mutu. Amma shi mai sunan ya tafi yana jin sa, kuma ina iya cire masa shi da baki tun ranar farko. Kowa ya ce mini an yafe, na sani an yafe. In na ɗauki hauyar nan na ji yadda ta zauna a hannuna, abin yakan dawo sabo.

Badaru ne ya fara zuwa neman dashe a waccan shekara. Ya yi sallama ya tsaya da hula a hannu, ya kasa haɗa ido da ni, ni ma na kasa. Raina bai so ba shi ba, ina ganin shi ya raɗa sunan, na manta wadda ta ba shi abin faɗa. Na shiga na cire masa mai yawa, da ƙasarsa a jiki, domin ranar da na karɓi kwalbar, har na kai bakin rumfa Baba ya kira ni na dawo. Ya ce, "Abu guda nika roƙonki, Innar Bahijja. In ya hito, duk wanda ya roƙa ki ba shi, kak ki tambayi abin da yac ce a kaina. Ko Badaru na, ki cika mai hannu."